Laifin ba na Martin kaɗai ba ne

Na karanta rahoton nan naku da ke cewa rashin kammala littattafan George R. R. Martin ne ya sa Game of Thrones, shirin talabijin da aka gina kan littattafan, ya ƙare babu armashi. Da gaskiyarku ta wani ɓangaren, don littafi na biyar tun 2011 ya fito, shekarar da tashar talabijin ta HBO ta fara haska shirin, har yau kuma shiru kake ji game da na shida. Amma ni ban yarda a jibga masa laifin duka ba.

Zango na takwas, wato na ƙarshe, a 2019 kashi shida kacal aka yi masa, alhali zangunan farko goma-goma ne. Gaggawar nan ce ta cuci Daenerys, ɗaya daga cikin manyan taurarin labarin. Matar da muka daɗe muna kallo tana 'yanta bayi a birnin Meereen, sai ga ta tana babbake King's Landing, babban birnin masarautar, bayan an riga an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya. A littafi cikin zuciyarta muke, muna jin tsoronta da waswasinta. A shirin kuwa fuskarta kawai aka nuna mana a kan dodonta mai aman wuta, sai wuta. Wallahi ranar ajiye wayar na yi, ƙanena na ta tambayata me ya faru, na kasa ce masa komai.