Ranar da injina ya yi ƙwai a shagon Alhaji

Waɗanda suka je shagon ɗinkin Alhaji ranar Asabar sun riga sun baza labarin yadda suka ga dama, har da ƙarin gishiri. To bari ku ji daga bakin mai abin.

Kun san injin nan da na ishe ku da hotunansa, mai riƙe biro ya yi zane da kansa. Niyyata ya riƙa fitar wa masu ɗinkin babbar riga zanen aiki a takarda, aska biyu, aska takwas, tambari, ba sai an zauna jiran mai zane ba. Kayan ba su da yawa: motocin sitefa biyu NEMA 17, wato ƙananan motocin lantarki masu juyawa taku-taku, allon Arduino Uno da manhajar GRBL a cikinsa mai ba su umarni, direbobin A4988 masu tuƙa motocin, bel mai haƙora samfurin GT2 mai faɗin milimita 6, sai fuli biyu masu haƙora. Ƙarfen da aka ɗora su a kai mai waldan Tudun Wada ne ya haɗa, kuma ni da shi maganarmu ba ta ƙare ba.

Fulin ne ya jawo komai. Biyu na saya ta intanet, na rubuta ƙarara: haƙora 20, rami milimita 5, domin sandar NEMA 17 milimita 5 ce. Kaya suka iso tashar Gusau, na buɗe, ɗaya daidai, ɗayan raminsa milimita 8, ana zura shi a sanda yana karkaɗawa. Mai sayarwar ya ce in turo hoto. Na tura. Ya ce in turo bidiyo. Daga nan bai sake buɗe saƙona ba.

Na nufi Sabon Gari wajen mai gyaran firinta, ya zazzage mini buhun matattun firintoci, muka zaƙulo wani fuli da ya rantse da Allah shi ne. A ido kam shi ne. Amma na wani samfurin bel ne daban, MXL, tazarar haƙoransa milimita 2.032, ta GT2 kuwa milimita 2 cif. Wannan ɗan bambancin ba mai ganinsa, sai bel. Ga shi kuma haƙoran GT2 masu lanƙwasa ne, na MXL masu kusurwa, don haka bel ɗin ba ya zama a gurbi, yana tafiya yana ɗan hawa, yana ƙas-ƙas. Na mayar masa. Kuɗina dai har yau yana "nemo canji".

Ana cikin haka ƙanen matata, wanda ke karatu a Kaura Namoda, ya ciro wani daga aljihunsa ya ce ragowar furojet ɗinsu ne. GT2 na gaske, rami milimita 5, ya shiga sanda sumul, bel ya kwanta lafiya lau. Na gwada layi daga hagu zuwa dama, ya miƙe. Na gwada daga sama zuwa ƙasa, ya miƙe. Sai aka ɗauke wuta. Duk mai cewa me ya sa ban gwada da'ira a gida ba, ya fara kawo mini wutar tukuna.

Ranar Asabar bayan la'asar aka tayar da janareta. Mutum uku na gayyata, amma kun san shagon Alhaji. Yaran ɗinki suka bar kekunansu, masu jiran kaya suka miƙe, Kawu mai injin niƙa ya shigo da garin masara har a gira, wani mai babur ya kashe mashin ya leƙo ta taga. Alhaji ya sa aka share teburin yanka, ya gyara zaman hularsa.

"To Injiniya, mu gani. Yi muna tambari."

Na shimfiɗa farar takarda. Kafin in danna, sai da na yi musu ɗan bayani, kuma wannan bayanin ne yanzu yaran ke kwaikwayo da muryata. Na ce motar nan taku 200 take yi kafin ta zagayo sau ɗaya, direba kuma ya raba kowane taku gida 16, ya zama 3200. Fuli mai haƙora 20, kowane haƙori milimita 2, zagaye ɗaya ya ja bel milimita 40. In ka raba, taku 80 ke ba da milimita ɗaya. Na ce, "Alhaji, hannun mutum yana rawa. Wannan ba ya rawa. Lissafi ne." Har da ɗaga yatsa.

Na danna. Biro ya sauka, injin ya fara ɗan kukan nan nasa, shago ya yi tsit. Da'ira ce na ba shi mai faɗin milimita 100. Ya taso daga dama, ya lanƙwaso sama, kuma tun a nan na ji wani abu a cikina, domin ya juyo da wuri. Na ce wa kaina kusurwar da na tsaya ce. Na matsa gefe. Ya gangaro hagu, ya bi ta ƙasa, ya zo ya haɗe da inda ya fara, daidai wa daida, ko ɗigo bai kauce ba. Sannan ya shiga zagaye na biyu a cikin na farko, da na uku, kowanne da irin siffar, a natse, ba gaggawa, tamkar abin da aka sa shi ke nan.

Ba wanda ya yi magana. Alhaji ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya ɗauko tef ɗinsa daga wuya ya auna kwance: santimita 10. Ya auna tsaye: 8. Ya sake aunawa, don mutumin kirki ne.

Sai murya daga bakin ƙofa: "Wanga hwa ƙwai na!"

Mai shayi. Ban gayyace shi ba. Ya bar tukunyarsa a kan wuta, ya tsallako titi da cokali a hannu, don kawai ya faɗi wannan. Mutumin da na gyara wa fitilar sola kyauta, na sa masa waya daga cikin tawa, na hau benci a gaban jama'a ina ɗaura masa ita a rumfa. Ko shayi bai ba ni ba ranar, sai "Allah shi biya". Kuma shi ne ya taɓa rubuta mini bashin ƙwai biyu alhali ɗaya na ci, muka yi ta ja har liman ya shiga tsakani, liman ɗin ma ya goyi bayansa don a nan yake karyawa. Wannan mutumin ne ya dafa ƙofa yana dariya har da tari, yana cewa Injiniya ya ƙera kaza, a ba shi ita haya tun da kiret ya yi tsada. Ya tambayi ko tana yin na zabo. Yaran ɗinki suka zube a kan yadin mutane.

Kawu bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sunkuya, ya ciro tsinken sakace daga bakinsa, ya ɗora a kan fulin farko yana juyawa da ɗan yatsa yana ƙirga haƙora a bayyane. Ɗaya, biyu, uku. Shago duka ya kama ƙirga tare da shi. Ashirin. Ya koma na biyun, na ƙanen matata.

"Sha shidda," ya ce. "Ɗana, ƙaramin fuli da babba ba su tahiya ɗaya. Ko ga injin niƙa hakanan ta."

Mutumin da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Haƙora 16 na jan milimita 32 ne a zagaye, don haka taku 100 yake so a milimita, ni kuwa na ba shi 80, shi ya sa ya ci kashi ɗaya cikin biyar na tsayin. Kuma don a sani, fuli mai haƙora 16 ba aibi ba ne. Ya fi ja da ƙarfi, takunsa ya fi ƙanƙanta, gudu ne dai ya rage masa. Akwai masu zaɓarsa da gangan. Na faɗi haka a wurin, ba wanda ya saurara.

Gyaran ma na daƙiƙa ne. Na rubuta $101=100, umarnin da ke mayar da takun tsaye 100 a milimita, na sa sabuwar takarda, na ce kowa ya matso, musamman mai shayi. Biro ya taso, ya lanƙwaso, wannan karon da'ira sosai, har Alhaji ya fara "Masha Allah". Ana kaiwa rabi sai biro ya daina hawa, ya ja layi a kwance ya bi ta tsakiyar takarda. Mota tana juyi, fuli yana tsaye.

Ɗan sukurun nan ne da ke cikin fuli. Sandar motar tana da gefe guda a shafe, kuma a kan shafaffen ake ɗaure shi, in ba haka ba ya kwance. Ƙanen matata ne ya ɗaure, ina riƙe masa tocila. Alankin da ke shiga cikinsa na milimita 1.5 ne, ɗan siriri, yana aljihun rigar da aka wanke da safe. Aka zagaye layin gaba ɗaya, mai faci, mai gyaran keke, mai gyaran janareta, kowa nasa ya yi girma. Wani yaro ya kawo allurar keken ɗinki. Aka kira magariba.

Takardar farko tana wurin mai shayi, ya manna ta a jikin teburinsa ya rubuta farashi a ƙasa. Alhaji ya ce in dawo bayan Sallah in aiki ya lafa, bai ce wace Sallar ba. Rigar kuma an sauke ta daga igiya, aljihun ba komai, matata ta ce ita ba ta ga wani ƙarfe ba. In akwai mai alankin 1.5 a cikin Gusau ya yi mini magana, amma ba ta hannun mai shayi ba.