Birki ne fa, ba madubi ba

Wallahi na gaji da jin "zai yi, Alhaji". Wata uku ke nan babur ɗina yana jingine a zaure, har kaji sun mayar da shi wurin kwana, duk a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, wato mastan birkin baya, wanda ke tura man birki in ka taka.

Babur ɗin Yamaha Super Ténéré ne, mai silinda biyu, ƙirar 1991. Na saye shi a hannun wani da ya shigo da shi ta Kwatano. Daga 1989 zuwa 1996 aka yi irinsa, don haka na san tsoho nake hawa, ba sai an tuna min ba. Sunan hamadar Tenere ta Nijar aka sa masa, can bayan Agadas, inda masu tseren Faris zuwa Dakar suka riƙa ratsawa. Babur mai sunan hamadar maƙwabtanmu, amma ka karaɗe Kano kaf ka rasa abin tsayar da shi.

A hanyar Wudil abin ya same ni. Akuya ta ɓullo, na taka birki, ƙafata ta tafi ƙasa kamar na taka tuwo. Allah ne Ya kiyaye, na gaba ya kama. Da Malam bakanikena ya kwance mastan, man da ya fito baƙi ƙirin, robobin fistin sun zama danƙo, bangon cikin kuma duk ya yi ramuka. Ya ce min man birki irin DOT 4 yana shan danshi, in aka shekara da shekaru ba a canja ba, ruwan da ya tara shi ke cinye cikin. Ko an sa sababbin robobi ba za su riƙe ba, man zai riƙa silalewa ta gefe. Sai dai a samo wani mastan gaba ɗaya. Na ce to, ai kasuwa ba ta rasa komai.

Ashe na yi saurin magana. Baburan da suka cika mana titi, su Boxer da Jincheng da Lifan, birkin bayansu ganga ce da sanda, babu ruwansu da mai. Yaron shagon da ya tashi a cikinsu bai taɓa ganin mastan baya ba, kuma wannan ba laifinsa ba ne. Laifinsa shi ne bakinsa ba ya iya furta "babu". Na farko ya ce in zauna, ya ɓace minti arba'in, ya dawo min da mastan gaba, har da hannunsa na matsawa. Na ce ɗan'uwa, da ƙafa ake taka nawa. Ya ce ai duk birki ne. Na biyu, a wajen masu kayan mota, mastan kuloci ya miƙo min yana rantsuwa da Allah.

Na uku shi ne ya ci kuɗina. Ya fito da wani sabo fil a leda, ya ce wannan kowane babur yana shiga. Da ido kam sun yi kama da nawa. Na biya, na kai wa Malam. Ramukan noti biyu da ake ɗaure shi da su a jikin babur ba su zo daidai ba, tazararsu ta gaza. Zaren notin da bututun mai ke shiga shi ma daban: na baburan Japan yawanci mai faɗin zare ne, wannan kuwa siriri. Sandar da ke tura fistin ta yi gajarta. Sannan babban abin, faɗin ramin ciki. Masta na kirki ana buga masa lamba a jiki, wani rabin inci, wani milimita 14, don ka san da wane kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, zai tafi. In ramin ya yi faɗi da yawa, birki ya yi tauri kamar katako amma ba ya kamawa sosai. In ya yi ƙanƙanta, sai ƙafa ta yi doguwar tafiya kafin ya kama. Wannan da na saya ko ɗigon lamba babu a jikinsa.

Na mayar, sai mutumin nan ya dube ni ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Har da ba ni shawara kyauta: in kai wa mai walda ya ɗana masa ƙarfe, notin kuma a murɗa da ƙarfi, zai shiga. A murɗa da ƙarfi! A alminiyam! A wurin da mai ke bi da matsi! Haba jama'a, birki ne fa, ba madubi ba. In madubi ya faɗi sai in waiwaya da wuyana. In wannan ya saki a gaban tirela, wa zai je ya yi wa iyalina bayanin "zai yi"?

Sai aka haɗa ni da wani a Legas, wai ɗan Baljiyam gare shi, an ciro daga babur irin nawa sak. Ya turo hoto ta WhatsApp, tsaf-tsaf. Na tura kuɗi har da na mota. Kwana tara ina sintiri a tasha. Abin da ya iso an fesa masa fenti har kan robar ƙura, fistin ɗin ya ƙame, ko da guduma ba ya motsi. Na kira, ya ce in jiƙa shi a kananzir. Kananzir kuwa shi ke kumbura robar birki ya kashe ta, kowane yaron gareji ya san haka. Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Na leƙa intanet. Akwai shi a Jamus da Ingila, tsoho amma mai lafiya. Ka haɗa kuɗinsa da na jirgi, ka juya a naira yadda ta koma tun 2023, sai ka ji kanka ya sara. Rabin masu sayarwar ma ba sa aikowa Najeriya.

Masu ba da shawara kuma ba su ƙare ba. Wai in toshe layin baya, na gaba ya isa. Na sani, na gaba ne ke yin yawancin aikin tsayawa a kan kwalta. Amma babur ne da ya haura kilo 200 in an cika tankinsa mai lita 26. Ka damƙe birkin gaba kaɗai a cikin yashi ko taɓon damina, da mutum a baya, ka ga inda za ka kwana. Wasu kuma su ce in sayar in sayi Boxer in huta. Injin da ko hayaƙi ba ya yi, in kai shi gwangwan saboda ɗan ƙarfe ɗaya?

Yanzu tsohon mastan yana cikin jakata duk inda za ni, tare da ma'aunin da Malam ya ara min. Shekaranjiya wani ya kira daga Panteka a Kaduna, ya ce ya samo. Na ce madalla, auna min tazarar ramukan, ka karanto min lambar da ke jiki. Ya ce, "Alhaji, kai dai ka taho." Na ce ba inda za ni sai na ji lamba. Ya ce bari ya nemo abin awo, zai kira ni bayan la'asar. Yau kwana biyu.