Rajista ta cika, to yara nawa ne suka iya karatu?

Jama'a, duk sanda aka tashi yabon firamaren gwamnati a jihar nan ta Kaduna, yawan yaran da aka yi wa rajista ake fara kawowa. A ganina wannan adadi shi ne mafi ƙarancin amfani cikin guda uku da ya kamata kowane hedimasta ya riƙe a ka: yaran da sunansu ke cikin littafi, yaran da ke shiga aji da ƙafarsu, da yaran da za su karanta shafi guda ba a taya su ba.

Rajista ba ta da wuyar cikawa. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, don haka ba a mayar da yaro a bakin ƙofa. Da aka fara ciyar da ɗaliban firamare a Kaduna a 2016, azuzuwa suka cika maƙil, amma malamai sun ga yadda wasu yaran ke sulalewa da zarar an raba abinci. Sannan sunan da ya shiga littafi da wuya ya fita. Yaro ya koma makarantar kuɗi ko an kai shi almajirci, iyayen yarinya sun tashi daga unguwar, amma suna nan a rubuce, domin ba hedimastan da ke son adadinsa ya ragu lokacin ƙidayar makarantu.

Wanda ke son gaskiyar zuwan yara, kada ya leƙa ranar Litinin da safe kawai. Ya ƙirga kawuna sau biyu, bayan taron safe da kuma bayan tara, ya maimaita ranar kasuwar garin, ya sake lokacin shuka da lokacin girbi. A Janairun 2022 aka mayar da makarantun gwamnatin jihar karatun kwana 4 a mako. A irin wannan tsari, yarinyar da ake ɗora wa talla ranar kasuwa ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu na makonta ke nan.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne cikin ajin. A ce ƙaramar makaranta ce mai aji 6 da malamai 4, har da hedimasta. Dole a haɗe azuzuwa, ko a bar wani ajin a hannun monita yana rubuta sunan masu surutu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami 1 ga yara 35, amma a aji ɗaya da aji biyu ne aka fi cunkoso, kuma nan ake yawan tura malamin da ya fi rauni, a ajiye gwanin a aji shida saboda jarrabawar fita. Wannan kuskure ne babba. Yaron da bai kama baƙi da wasali a aji biyu ba, ana ɗaga shi zuwa gaba duk shekara, ya isa aji biyar yana kwafar allo da kyakkyawan rubutu bai san me ya rubuta ba. Sakamakon ƙarshen zango ba ya tona wannan, don malamin da ya koyar shi ne ya tsara tambayoyin, shi ya duba, kuma yawanci hadda ake tambaya.

An yi maganar ingancin malamai sosai a 2017, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi musu gwaji da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka yanka ba, aka kore su daga aiki. Ko ka goyi bayan korar ko ba ka goya ba, malamai aka auna a wancan karo. Su yaran fa?

Auna su ba ya cin ko sisi. Takarda ɗaya ta isa: layin haruffa 10, layin gaɓoɓi irin su ba, ki, mu, kalmomi 10 na yau da kullum, jimloli 4, sai ɗan gajeren labari da tambaya biyu a kansa. Da Hausa za a fara, tunda da ita yaron ke tunani. A kira yaro shi kaɗai, minti 5, a rubuta matakin da ya tsaya. Kada a yi gwajin a gaban aji, don na baya za su haddace. Kuma kada malamin ajin ya gwada nasa yaran, a yi musaya. Lissafi ma haka: gane lamba, tarawa, ɗebewa mai aro, sai rabawa.

Daga nan a ware awa ɗaya ta farkon safiya, a raba 'yan aji uku zuwa shida bisa matakinsu, ba bisa ajinsu ba. Masu haruffa gefe guda, masu kalmomi gefe guda, masu labari a ba su abin karantawa. Bayan mako 6 a sake gwaji, wanda ya motsa a matsar da shi. Abin da ke ɓata shirin guda biyu ne. Ɗan aji shida yana jin kunyar zama da ƙannensa, saboda haka a ba rukunonin sunan launi, kada a ce "ajin daƙiƙai". Na biyu kuma canjin wurin aiki a tsakiyar zango: malami ya tafi da abin da ya sani a kansa. Maganinsa a rubuta matakin kowane yaro da fensir kusa da sunansa a rajista.

Kwamitin kula da makaranta (SBMC), wanda mai unguwa da liman da iyaye mata ke ciki, shi ya dace ya karɓi waɗannan adadi uku kowane zango kafin a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Yaron da ya yi mako biyu ba a gan shi ba, a tura mutum biyu gidansu, ɗaya ta zama mace, don mahaifiyar ce ta san ko talla ce, ko rashin lafiya, ko yunifom ne ya yage.