Ƙuncin ɗaki ba ya hana koyon saiti: nasiha ga matasan Damagaram masu son gasar bindigar iska

Assalamu alaikum, ƙannena maza da mata. Tun da hotunan gasar harbi ta wasannin Olamfik da aka yi a Faransa a 2024 suka cika wayoyinmu, na lura cewa wasu daga cikinku sun kamu da son wannan wasa, har akwai waɗanda suka yi ɗawainiyar samun bindigar iska. Amma duk fadar da na zauna aka ɗauko zancen, kukan guda ne: gasar a nisan mita 10 ake yin ta, alhali ɗakin saurayi a Birni ko Zango ko Garin Malam da ƙyar yake kai mita huɗu, tsakar gida kuwa ta mata ce da yara da awaki. Daga nan sai wani ya jingine bindigar a bayan ƙofa yana jiran ranar da zai sami fili, wani kuma, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali, ya kafa gwangwani a kan katanga ya dinga harbi cikin gida. Dukansu biyu sun yi kuskure, domin mafi yawan abin da gwanin wannan wasa yake koya ba ya bukatar mita 10, ba ya ma bukatar harsashi.

Ya kamata ku fara sanin abin da ake nema a gare ku. A ƙa'idar hukumar harbi ta duniya, ISSF, ana yin harbi 60 ne cikin minti 75, a tsaye, ba tare da jingina da komai ba, kuma ba a yarda da madubin da ke kusanto da abu ba. Bindigar ba za ta wuce kilo 5.5 ba, ƙwayar harsashinta kuwa faɗinta milimita 4.5 ne. Baƙin da'irar da ake saitawa faɗinsa milimita 30.5, wato ya ɗan ɗara tsabar dala ashirin, a tsakiyarsa kuma akwai ɗigon maki goma wanda bai wuce rabin milimita ba. Tun 2013 ake ƙirga makin da ɓarɓashinsa, harbi mafi kyau ya zama 10.9, jimilla 654, kuma waɗanda suke kai wa zagayen ƙarshe a manyan gasanni sukan tashi da 630 ko abin da ya yi kusa da haka. Wanda ya duba waɗannan alƙaluma da idon basira zai gane cewa bindigar da kanta tana iya zuba ƙwaya a rami guda. Abin da ke kai ta gefe shi ne rawar jikin mai riƙe da ita, da numfashinsa, da yadda yatsansa ya taɓa kunama. To, jiki da numfashi da yatsa duk suna tare da kai a cikin ɗakinka.

Na san za a ce mini Abhinav Bindra, ɗan Indiya da ya ci zinare a wannan gasa a Beijin a 2008, mahaifinsa ya gina masa cikakken wurin harbi a gida. Gaskiya ne, kuma babu ɗayanmu da yake da irin wannan gata. Amma kada labarinsa ya zame muku hujjar zama. 'Yan kokawarmu da ke neman takobin ƙasa ba kullum suke cikin filin kokawa ba, yawancin wahalarsu a rairayin bayan gari suke shan ta.

Farkon aikin gida shi ne tsayuwa, kuma a nan nake so ku daɗe. Ka sami wuri mai tauri kuma daidaitacce, daɓen siminti ko na ƙasa, ba kan katifa ko tabarmar da aka shimfiɗa bisa rairayi ba. Idan kai badame ne, kafaɗarka ta hagu ce za ta fuskanci bango, ƙafafu a buɗe kamar faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan, ƙugu ya ɗan turu gaba, gwiwar hannun hagu ta sauka a kan ƙashin ƙugu ko haƙarƙari, domin nauyin bindigar ya bi ƙashi ya sauka ƙasa maimakon ya rataya a tsoka. Tsoka tana gajiya ta fara kakkarwa, ƙashi kuwa ba ruwansa. Bayan ka ɗora kumatunka a kan gindin bindigar, sai ka rufe ido, ka yi numfashi biyu ko uku, ka saki jikinka, sannan ka buɗe ka ga inda bakin bindigar ya tsaya da kansa. Idan ya kauce wa abin da kake nufi, kada ka janyo shi da ƙarfin hannu. Ka sauke bindigar, ka gyara ƙafarka ta baya da ɗan kaɗan, ka sake. Ranar da ka sami tsayuwar da ke kai ka tsakiya ba tare da kokawa ba, ka zana sawunka da alli a ƙasa, ka auna tazarar da ke tsakaninsu ka rubuta. Wannan aiki ba ya cin ko mita biyu, kuma a ganina wanda ya yi wata guda a kansa ya fi wanda ya ƙarar da gwangwanin harsashi uku a kan kwalabe.

Daga nan sai riƙo a gaban farin bango, ba tare da wata alama a jikinsa ba. Hikimar ita ce, idan babu ɗigon da ido zai kwaɗaita da shi, hankali yakan koma ga jin jiki: ina ne ya ɗaure, wace ƙafa ce ta fi ɗaukar nauyi, yaushe ne lilo yake farawa. Ka riƙe na daƙiƙa talatin zuwa minti guda, ka sauke, ka huta, ka maimaita har minti ashirin. Wanda bai mallaki bindiga ba tukuna yana iya sassaƙa katako ya ɗaura masa ƙarfe har ya kai kilo huɗu ko biyar ya fara da shi.

Sai harbin wofi, wato jan kunama babu ƙwaya a ciki. Bindigogin gasa masu tukunyar iska suna da makunnin da ke ba ka damar yin haka ba tare da iska ta fita ba. Amma ku kiyaye, irin bindigar nan mai sifirin da ake karya bututunta a ɗana, wadda ita ce ta fi yawa a hannun mutane, harba ta babu ƙwaya yana lalata cikinta. Mai irin wannan ya ja kunamarsa ba tare da ya ɗana ba, ko ya tsaya ga riƙo kawai. Abin da ake koya a nan shi ne ka fitar da numfashi, ka dakata, ka ƙara nauyin yatsa a hankali har kunama ta saki ba tare da bakin bindiga ya motsa ba, sannan ka ci gaba da kallo na daƙiƙa biyu kafin ka sauke. Idan daƙiƙa bakwai ko takwas suka wuce harbin bai fita ba, ka sauke ka sake sabon lale. Sauke bindiga ba gazawa ba ce, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi yi wa matashi wuya, saboda zuciya tana raya masa cewa saura ƙiris.

Game da ƙarancin nisa kuwa, lissafi ne mai sauƙi wanda duk ɗan lakwal zai iya. Ana rage girman baƙin da'irar daidai da yadda aka rage nisa: a mita 5 faɗinsa ya zama milimita 15 da 'yan kai, a mita 4 kimanin 12, a mita 3 kimanin 9, ta yadda abin da idonka zai gani ta cikin zoben saiti, wato ɗan ramin da ake leƙawa a saman bindiga, zai yi kama da na filin gasa. Abin da mutane da yawa suke mantawa shi ne tsayin da za a manna takardar. A gasa tsakiyarta tana mita 1.40 daga ƙasa, wato yawancin maharba suna ɗan sunkuyar da bindiga ne. Idan ka manna ta a wannan tsayi alhali kana mita huɗu, sunkuyon zai yi yawa, ka koya wa jikinka tsayuwar da ba ita ba ce. Ka sa a auna tsayin idonka daga ƙasa lokacin da kake cikin saiti. Idan santimita 160 ne, bambancinsa da 140 ya zama 20, to a mita 5 rabin wannan za ka sauko, ka manna a 150, a mita 4 kuma a 152. Ka haska takardar sosai da fitila, kuma tun da wutar lantarki ba ta da alkawari, fitila mai caji ta fi zama abin dogaro.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, wato sa ƙwaya ta gaske a cikin gida. Shawarata ita ce ku bar shi, sai in sharuɗɗansa sun cika. Ƙwayar nan, duk da nauyinta bai wuce rabin giram da kaɗan ba, tana fita da gudun kimanin mita 170 a daƙiƙa, kuma ya ishe ta tsiyayar da ido. Ni kaina na taɓa jingina katako mai tauri a zaurenmu na manna takarda, ina ganin na yi dabara. Ƙwaya ta daki katakon ta dawo, ta wuce ta gefen kunnena ta bugi moɗar da ke kan randa, a daidai inda 'yar yayata ta tsaya shan ruwa 'yan mintuna kafin nan. Tun ranar ban ƙara yarda da zancen cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa a irin wannan ba, domin ni na gayyato shi da hannuna. Bangon siminti, da ƙofar ƙarfe, da duwatsun nan namu da wasu gidajen Birni suke jingine da su, duk suna mayar da ƙwaya. Wanda ya zama dole ya harba, ya cika kwali mai zurfi da tsummoki a danne, ya sa faffaɗan abin tarewa a bayansa, ya zaɓi ɗaki mai ƙofa guda ya kulle ta daga ciki, kada ya fuskanci taga ko ƙofa ko zana, kuma ya sanar da mutanen gida. Zaure kuwa hanya ce, almajiri ko yaron maƙwabta yana iya faɗowa ba sallama.

Akwai kuma dalma, wadda da ita ake yin ƙwayar. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Yaro mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kai wa, kaji ma haka, saboda haka a tattara kowace ƙwaya a gwangwani mai murfi, kada a riƙe ta a baki, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Bindiga a ajiye ta a kulle, ƙwaya a wani wuri daban, tukunyar iska kuma, da ake cika ta da matsi mai tsanani, kada a bar ta a rana ko ƙarƙashin kwano a zafin watan Afirilu. Kada ka nuna wa kowa bakinta ko da wasa, ko da ka tabbata babu komai a ciki, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami. A halin tsaron da ƙasa take ciki kuma, ka je wurin hukuma ka nemi bayani da izini tun kafin ka saya, ka sanar da mai unguwa, kada ka hau kabu-kabu da ita a buɗe, kuma ka raba kanka da ɗaukar hoto da ita don Facebook ko TikTok, domin daga nesa babu mai bambanta ta da ta yaƙi.

Ko da ka cika duk waɗannan, kada ka ruɗi kanka da makin gida. Ko da yake ka rage da'ira, ramin ƙwaya yana nan a milimita 4.5, saboda haka harbin da a mita 10 takwas ne zai iya bayyana maka kamar goma a mita huɗu. Ka duba yadda ramukan suka taru wuri guda kawai, ka bar ƙirga. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso, kuma kafin shayi, don shayin fada mai kauri yana ƙara bugun zuciya, bugun kuma yana bayyana a bakin bindiga. Minti arba'in sau huɗu ko biyar a mako ya fi yini guda cur na ranar Lahadi. Ka jingina wayarka ta ɗauki tsayuwarka daga gefe da baya, ka ajiye littafi kana rubuta abin da ka ji a jikinka kowace rana. Sannan ko sau biyu a wata ne, ku haɗu ku uku ko huɗu, ƙarƙashin babba mai hankali, a wani keɓaɓɓen wuri da hukuma ta amince da shi, ku auna mita 10 da igiyar awo, ku yi harbi 60 cikin minti 75 da agogo a gabanku, kowa ya koma ɗakinsa da takardunsa ya gwada su da abin da ya rubuta a littafinsa.