Ƙurar sussuka ba a maƙogwaro take tsayawa ba

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan kewayen Marwa, a arewacin Kamaru, a watan Fabrairu, lokacin girbin masakwa (dawar rani), ya ga abin da nake faɗa. Injin sussuka na ruri, samari huɗu ko biyar na ɗura masa zangarniya, gira da gemu sun yi fari fat kamar na dattawa. Can gefe mata na shiƙa, wata da goyo a baya. In an tashi sai a kurɓi nono ko madara, wai a wanke ƙirji. Alhali madara ciki take gangarawa, ƙura kuwa huhu ta shige, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce.

Mun raina ƙura ne saboda tari da mura kawai muke danganta ta da su. Ƙaiƙayin da ido ke gani, hanci da majina na tare mafi yawansa. Mai ɓarnar ita ce siririyar da likitoci ke kira PM2.5, wadda silin gashin kai ya ninka ta kauri wajen sau 30. Ita ke kaiwa can ƙasan huhu inda iska ke haɗuwa da jini, ta tayar da kumburi a jijiyoyi, jini ya riƙa saurin daskarewa, hawan jini ya ƙaru. Daga nan sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi ajalin mutum miliyan 4.2 a 2019, kuma ciwon zuciya da shanyewar jiki ne suka fi ɗaukar rayukan. Wanda ya shekara da shekaru a ƙurar hatsi ko ta auduga, huhunsa na iya lalacewa har ɓangaren dama na zuciya ya gaji da tura jini, ƙafafu su kumbura. A gida sai a ce sammu ne.

Mu kuma nauyinmu biyu ne. Hunturu na kwaso mana ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda ke sahun gaba a duniya wajen tayar da ita, a daidai watannin da muke sussuka muna ƙona kara.

Na san za a ce talaka na neman abin kai wa baka, ina shi ina takunkumi. Gaskiya ne, kuma rawani ko ɗankwali ba ya tare siririyar ƙura, sai takunkumi irin su N95. Amma tsayawa ta inda iska ke fitowa kyauta ne, haka sauke goyo a bar shi nesa da masussuka. Ƙungiyoyin manoma da kamfanin auduga na SODECOTON, da ke kai iri da taki har ƙauye, suna iya haɗawa da takunkumi a kaya ɗaya. Ma'aikatan lafiya kuma su riƙa kai na'urar awon hawan jini masussuka da ranakun kasuwa, su fara da masu injin da masu niƙa, waɗanda ke wuni a cikin ƙura tun safe har magariba.