Gonar da aka baro a ƙauye tana bukatar takarda

Duk wanda ya zauna da mutanenmu a Agege ko Idi-Araba ko kasuwar Mile 12 a farkon damina ya san irin hirar da ake yi. Ana tambayar juna ko ruwan shuka ya sauka a gida, ko an samu taki, ko wane ne zai tsaya a kan huɗa bana. Mutum yana tsaye a gaban buhunan albasa a Legas, amma zuciyarsa tana kan wata gona da ke nesa da shi da kusan kilomita 1,000. Wannan gona ita ce madogarar mafi yawanmu, kuma a ganina ita ce dukiyar da muka fi sakaci da ita.

A da, ɗan ci-rani yakan bar gida bayan kaka, ya dawo kafin ruwan shuka, don haka kowace shekara ƙafarsa tana taka gonarsa. Wannan zuwa shi ne shaidarsa. Mallakar gona a ƙaramin ƙauye tana zaune ne a kan sanin jama'a: dagaci ya sani, mai unguwa ya sani, dattawa sun san wanda ya sare dajin tun farko, ga layin gamba da aka dasa a kan iyaka, ga bishiyar gawo ko kuka da kowa yake kwatance da ita. Muddin mai gona yana zuwa, babu wanda zai matsa masa iyaka ko da taku ɗaya ba tare da magana ta tashi a ranar ba.

Abin da ya sauya shi ne tafiyar. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota kuma ya bi ta. Hanyar da kanta doguwa ce, daga Ibadan zuwa Ilori, a haye gadar Jebba, a wuce Mokwa, sannan kowa ya kama tasa, wasu kuma sai sun ratsa yankunan da 'yan bindiga suka addaba a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. Wanda ba shi da hali yakan hau bayan tirelar da ta sauke shanu za ta koma, ya kwana ya wuni a cikin rana da raɓa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to yanzu ƙafar ta yi tsada, har magidanci yakan yi shekara biyu ko uku bai leƙa gida ba, sai dai aike ta waya.

Akwai wani mai shayi a unguwarmu da nake karyawa a wurinsa tun shekaru da dama. Lokacin da mahaifinsa ya kwanta ciwo, sun jinginar da gonarsu ta bakin fadama ga wani maƙwabci don su samu kuɗin magani, a gaban dattawa biyu, ba tare da an rubuta komai ba. Mahaifin ya rasu, wanda ya karɓi jinginar ma ya rasu, ɗaya daga cikin shaidun ya bi su. Da mai shayin ya tara kuɗin fansa ya aika wa ƙanensa, sai 'ya'yan maƙwabcin suka ce su dai abin da suka taso suka sani shi ne ubansu saye ya yi. Na gan shi ranar da aka kira shi a waya, ludayi a hannu, ruwan zafi yana tafasa har yana zuba a kan gawayi bai lura ba. Ban ce yaran ƙarya suke yi da gangan ba. Shekara goma suna noma wurin, ba su taɓa ganin wani ya zo ya ce nasa ne ba.

Haka aro yake rikiɗewa ya zama mallaka, haka ma gandun da aka bari ba a raba gadonsa ba, wanda ke gida ya ci gaba da nomawa har 'ya'yansa su ɗauka na ubansu ne shi kaɗai. Waɗanda suka fi cutuwa a nan su ne mata, domin rabon da shari'a ta ba su yakan zauna a hannun 'yan'uwansu maza da sunan riƙo, kunya kuma ta hana su tambaya.

Na san abin da ake faɗa idan aka kawo zancen rubutu: wai neman takarda tsakanin wa da ƙane alama ce ta rashin yarda. Wannan magana ba ta da ƙarfi a wurin Musulmi, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Ba a saukar da ita don maƙiya ba. Dokar ƙasa ma ta buɗe ƙofa, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a kan filayen karkara, ta kuma ce sayarwa ko jinginar da irin wannan fili yana bukatar amincewarta. Ko da mutum bai kai ga sakatariya ba, takarda guda da ta bayyana iyakokin gona ta fuskoki huɗu, da adadin kuɗin jingina, da sa hannun dagaci da shaidu matasa waɗanda ake sa ran za su daɗe, ta fi dogaro da tunanin dattijo ɗaya. A ɗauki hotonta a waya, a ajiye kwafi a Legas, a bar ɗaya a gida.

Wasu kuma suna ganin mafita ita ce a sayar da gonar kawai a ƙara jari a nan. Ban yarda da wannan ba sai bisa larura. Mun ga abin da ya faru a watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida da suka haɗa da Ikeja da Surulere da Apapa. Matasa da yawa sun wayi gari babu sana'a, kuma waɗanda suka samu inda za su koma su ne waɗanda gonarsu ke nan tana jiransu.

Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke zama a Legas, waɗanda suke haɗa kuɗi idan an yi rasuwa ko rashin lafiya, za su iya ɗaukar wannan aiki. Duk lokacin da ɗayansu zai tafi gida da Sallah, a ba shi saƙon mutum biyar ko shida da wasiƙa zuwa ga dagaci, a kira masu gonakin a waya a gaban shaidu, a rubuta. Shi kuwa mai shayin namu yana tara kuɗin mota ne yanzu don ya tafi bayan girbi, domin dattijon da ya rage cikin shaidun jinginar ya tsufa ƙwarai, kuma an gaya masa tun bara bai ƙara fita masallaci ba.