Kai Mai Buga Tikiti Kana Cewa Ka Dogara ga Allah

Jiya da daddare na tsaya wajen mai shayin unguwarmu, wani yaro ɗan Adaidaita da na sani tun yana zuwa Islamiyya da allo ya zo ya zauna kusa da ni, ko shayin ma bai ce a haɗa masa ba. Ya zaro kuɗin balans ɗin da zai kai wa mai mashin, ya miƙa wa mai POS aka tura masa a waya, ina kallo ya jera wasannin ƙwallo har 14 a tikitin caca ɗaya, sai ya ɗaga hannu ya ce ya Allah na dogara gare ka, ya shafa. Wallahi har yanzu abin yana ci na. Na ce masa ƙanina me kake yi haka, ya ce Yaya tawakkali ne, ai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.

To ni ba na musun ana cikin matsi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya ji a jikinsa, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000, kwanon masara ya zama abin lissafi, magidanci ya kwana yana juyi saboda kuɗin haya da na makaranta. Duk mun sani. Amma don Allah samari ku daina kiran caca tawakkali. Caca caca ce, ko a kan tabarma da karta ko a waya da sunan Arsenal da Madrid. Allah da kansa ya haɗa ta da giya a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ya ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, kai kuma ka ɗauko ta ka yi mata bismilla, har wani na ji yana alwashin in tikitinsa ya ci zai sayi tabarmin masallaci. Wane masallacin?

Tsuntsun da Annabi (SAW) ya ba da misali da shi a hadisin Tirmizi, sammako yake yi cikinsa ba komai ya dawo da yamma a ƙoshe. Fita yake yi. Nana Hajara sau 7 ta yi safa da marwa kafin zamzam ya ɓulɓulo. Abdurrahman bn Auf ya isa Madina ba ko sisi, aka yi masa tayin rabin dukiya ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Kai kuwa kana kwance a benci kana latsa waya kana jiran wani Bature a Ingila ya ci ƙwallo a minti na 90 don ka ci tuwo. Kuma kullum labarin ɗaya ne, wasa ɗaya ne ya ɓata min, saura ƙiris. Ai saura ƙiris ɗin nan ita ce ƙugiyar. Masu kamfanin sun riga sun yi lissafinsu, duk wasan da ka ƙara a tikiti damarka raguwa take yi, shi ya sa suke nuna maka miliyoyi a kan naira 200. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma garin neman ƙiba ake samo rama.

Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, sai me, shagon ya koma aljihun kowa. Kwaɗayin nan dai shi ne ya kwashi mutane a MMM, tsarin nan na zuba kuɗi na damfara, a 2016, ba mu daddara ba aka sake da irinsa CBEX a 2025. Kada ma a yi maganar masu zuwa wurin boka a ba su lambar sa'a, ko 'yan matan da ke kwashe kuɗin adashi su ba saurayi ya buga, ku ma ina ganinku.

Ayar da kuke so ku ja, wadda ta ce zai azurta shi ta inda ba ya zato, ku karanto farkonta mana a Suratu Ɗalaƙ, wanda ya ji tsoron Allah aka ce. Ku riƙe abin da ke hannunku komai ƙanƙantarsa, ku yawaita istigfari, ku rage dogon buri, rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Mu da muka taso, ɗan karta a kango yake ɓuya, in aka ce wane ɗan caca ne ko 'ya ba a ba shi. Mahaifinmu sai ya wuni a kasuwa bai yi cinikin kirki ba, ya dawo ya ce Alhamdulillahi a dama kunu, mu sha mu kwanta, kuma ba mu taɓa jin ya zagi talauci ba. Yanzu a gaban dattawa ake gwama tikiti, babu mai tsawatarwa, wani dattijon ma leƙawa yake yana tambaya wa ya ci.

Da safen nan na ga yaron a bakin titi babu mashin, mai shi ya karɓe makulli. Ya gaishe ni, ya sunkuyar da kai, ya ce Yaya ko da 2,000 a jikinka zuwa Asabar.